Ƙarar "tak-tak" da asuba: wa ya taɓa canza gaskit ɗin salansa?

Mai mota daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motar da nake kai yara makaranta ce, 'yar Kwatano, ta fara wata ƙara tun shigowar hunturu. In na tayar da ita da asuba sai in ji tak-tak-tak daga gaba, kamar ana buga ƙusa a kwano, in ta yi minti biyar tana aiki sai ta lafa. Bakanikena ya leƙa ya ce gaskit ɗin manifol ne ya cinye. Ni gaskit ɗaya na sani, na kan injin, wanda in ya ƙone aljihu ke kuka. Wanda ya taɓa shiga wannan ya ba ni labari kafin in kai ta gareji.

Bakanike daga Kaduna:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kwantar da hankalinka, ba wancan ba ne. Na kan injin in ya ƙone, ruwa ke haɗuwa da baƙin mai, mota ta riƙa zafi tana fitar da farin hayaƙi. Wannan kuwa ɗan siririn faranti ne da ake sakawa tsakanin kan injin da manifol, wato ƙarfen nan mai rassa da ke tara hayaƙin kowace silinda ya miƙa wa bututun salansa. Ƙarfe da ƙarfe ba sa haɗuwa ba kafa, shi ne ke toshe tsakaninsu. Zafin wurin yakan haura digiri 600, kullum ƙarfe na buɗewa yana tsukewa, dole wata rana ya gaji. Ƙarar ma da take ɓacewa, ƙarfen ne ya yi zafi ya kumbura ya rufe kafar. Kafin injin ya yi zafi, haska fitila ka duba gefen manifol. In ka ga kunkunniya ta yi baƙi a wuri guda, nan hayaƙin ke fita. In motarka mai silinda shida ce da aka jera su layi biyu kamar harafin V, manifol biyu gare ta, a duba duka.

Uwar gida daga Zariya:
Alhaji, kada ka bar shi ya kwana. Tamu ba ta yi wata ƙarar a-zo-a-gani ba, sai dai duk lokacin da muka je Kano muka dawo, ƙananan yaran da ke baya su ce kansu na ciwo, ɗaya har da amai. Na ɗauka zazzaɓi ne, na yi ta ba su magani. Ashe gaskit ɗin da ke haɗa bututu a ƙarƙashin mota ne ya fashe, hayaƙi na shigowa ta ƙasa, mu kuma mun ɗage gilashi mun kunna sanyi. Gubar nan da ke cikin hayaƙin janareta, wadda ke kashe mutane a ɗaki cikin barci, ita ce dai a hayaƙin mota, kuma ba ta da wari ba ta da launi. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Tsohon direba daga Katsina:
Allah ya tsare gaba, Hajiya. Wanda kike magana zagayayye ne kamar awarwaro, ana ɗaure shi da noti biyu masu sifirin don bututun ya samu ɗan motsi in injin na girgiza. Tudun rage gudu ne ajalinsa, musamman in an cika mota da mutane da buhuna. Ni ganganci na yi. Wani mai walda ya ce me zan yi da gaskit, bari ya liƙe wurin gaba ɗaya. Na ji daɗin arha. Wata uku bututun ya tsage kusa da manifol, tunda ba shi da inda zai lanƙwasa. Kuma don Allah duk wanda za a sauke masa salansa ya tsaya a wurin, kada ya dawo ya tarar an kwashe masa indomi, wato abin nan mai tsada da ke tace hayaƙi a cikin bututun salansa.

Malamin makaranta daga Sakkwato:
Ni a gidan mai na gane. Tun da aka cire tallafi a 2023 nake rubuta kowace lita, sai na ga mota ta ƙara ci ba dalili, ga fitilar injin ta kama. Da aka sa kwamfuta ta nuna sensar iska. Saura kaɗan in saya sabuwa. Ashe kafar da ke gaban sensar ce ke zuƙo iska daga waje, sensar ta ɗauka mai ya yi kaɗan, kwamfutar mota ta riƙa ƙara shi. Gaskit kawai aka canza.

Bakanike daga Kaduna:
Haka ne, Malam. Gaskit ɗin kansa ba tsada, wahalar tana wurin noti. Sun sha wuta shekara da shekaru, sun yi tsatsa. In yaron gareji ya sa sifana ya danna da ƙarfi, ƙusar ta karye a cikin kan injin, aikin awa biyu ya koma na kwana biyu, sai an huda an ciro. A fesa musu man sassauta tsatsa tun daren jiya, a kwance su injin na sanyi. A kankare fuskar ƙarfen tas, a ɗora ruler a ga ko manifol ya lanƙwashe, don in ya lanƙwashe sabon ma ba zai riƙe ba. Wajen ɗaurewa a fara daga tsakiya a fita gefe, kaɗan-kaɗan. Kada a mayar da tsohon, kada kuma a lafta gam.

Mai mota daga Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da tsohon a hannu don a gwada ramuka, na samo mai ƙarfe hawa-hawa. Ƙusa ɗaya dama a karye muka same ta, ita ta tsayar da mu har la'asar. Yau da asuba na tayar da ita, shiru. Hajiya, na sa an duba na ƙasan ma, da sauransa.