Koyon kalmomin Turanci ta hirar askirim da taimakon mabukata: shin hanyar ta isa?

Rabi'atu Funtuwa:

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai shirin rubuta jarrabawar IELTS, wato ta gwada ƙwarewa a harshen Turanci, kuma wata uku ke nan ina haddace kalmomin Turanci daga littafi, ashirin-ashirin kowace rana, amma da zarar na buɗe baki zan yi magana sai in neme su in rasa. A makon jiya na saurari wata gajeriyar hira ta koyon Turanci, inda mutum biyu ke tattauna yadda masu sayar da askirim kan ware wani kaso na cinikinsu domin taimakon mabukata. Kalmomin da na tsinta a ciki, irin su *scoop*, *flavour*, *donate* da *proceeds*, har yanzu suna nan daram a kaina, alhali sau biyu kawai na saurare ta. Tambayata ta farko ita ce, shin zan iya ajiye hadda in dogara da irin wannan hira? Ta biyu kuma, na ɗauka *charity* na nufin sadaka, amma sai na ji ɗayansu ya ce "she works for a charity", kuma ban fahimci yadda mutum zai yi wa sadaka aiki ba. Ina neman ƙarin haske daga malamai.

Malam Sani, Zariya:

Wa alaikumus salam, Malama Rabi'atu. Abin da kika lura da shi gaskiya ne, kuma a aji nake ganinsa kullum. Kalmar da aka haddace ita kaɗai kamar baƙo ce a garin da ba shi da masauki, ba ta daɗewa take kama hanya. Wadda kika ji a cikin hira kuwa ta zo ne da 'yan rakiyarta. Ba *donate* kawai kika koya ba, kin ji an ce "donate to a hospital", ke nan kin san cewa *to* ke biye da ita. Haka nan a Turanci ana cewa "raise money" idan ana nufin tara gudummawa, kuma ana cewa "the proceeds go to" idan ana bayanin inda kuɗin da aka samu daga cinikin za su tafi. Waɗannan haɗe-haɗen su ne mai jarrabawar baka ke sauraro, kuma jerin kalmomi ba ya koyar da su.

Sai dai ban ba ki shawarar ki ajiye bita ba. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum zai manta yana zubewa ne jim kaɗan bayan ya koya, kuma maimaitawa da tazara ita ke riƙe shi. Ga kuma batun yawa: binciken masanin koyar da harshe Paul Nation na 2006 ya kiyasta cewa mai son fahimtar Turancin baka ba tare da taimako ba yana bukatar dangin kalmomi (wato kalma tare da rassanta) 6,000 zuwa 7,000, na rubutu kuma 8,000 zuwa 9,000. Hirar da ke ba ki kalma shida ko takwas ba za ta kai ki can ita kaɗai ba. Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne, su rubuta jimlar gaba ɗaya kamar yadda suka ji ta, su sake dubawa washegari, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako guda, daga nan kuma su ƙirƙiro tasu jimlar da abin da suka sani, misali mai keken Fan Ice da ke tsayawa a ƙofar makaranta lokacin tashi yana danna ƙaho.

Ki kula da furuci kuma. Kalmarmu ta askirim kanta shaida ce cewa harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe a wuri ɗaya, shi ya sa muke cusa wasali a tsakaninsu. Wannan ɗabi'ar ce ke mayar da *scoop* ta koma "sukuf", har da sauya harafin ƙarshe. Ki riƙa tsayar da hirar kina maimaita kalmar da babbar murya har leɓɓanki su saba rufewa a kan *p*.

Hajiya Binta, Manchesta:

Ƙanwata Rabi'atu, ni zan amsa tambayarki ta biyu, domin ita ce ta taɓa rikita ni a farkon zuwana Ingila. *Charity* tana da ma'ana biyu. Idan aka ce "give to charity", ana nufin bayarwa domin taimako, kuma a nan ta yi kusa da sadakarmu. Amma idan aka sa mata *a* a gaba, ko aka yi jam'inta aka ce *charities*, to ƙungiyar agaji ake nufi, wadda ke da rajista da ma'aikata da asusu. A Ingila da Wales akwai hukuma ta musamman, Charity Commission, da ke yi musu rajista tana kuma sa ido a kansu. Oxfam, wadda aka kafa a birnin Oxford a 1942, ɗaya ce daga cikinsu, kuma tana da shagunan da mutane ke kai tufafi da littattafan da suka gama amfani da su, a sayar, kuɗin ya shiga aikin agaji. Irin wannan shago shi ake kira *charity shop*, kuma masu tsayawa a ciki yawancinsu *volunteers* ne, wato masu aikin sa kai.

Ko a ma'ana ta farkon ma, kada ki ɗauka sun yi daidai kamar tafin hannu biyu. Mu muna bambanta zakka, wadda wajibi ce mai nisabi da ƙayyadadden kaso, da sadaka ta ganin dama, da kuma waƙafi. Bature kan tattara waɗannan duka a ƙarƙashin *charity*, don haka idan kina son ki yi bayanin zakka a jarrabawa, gara ki ambaci sunanta sannan ki fayyace cewa farilla ce.

Haɗa askirim da taimako kuma ba ƙirƙirar masu darasi ba ce kawai. Kamfanin askirim na Ben & Jerry's, wanda Ben Cohen da Jerry Greenfield suka fara a garin Burlington na jihar Vermont a Amurka a 1978, ya soma ranar raba askirim kyauta a 1979, sannan a 1985 ya kafa gidauniya da ya ware wa kashi 7.5 cikin ɗari na ribarsa kafin cire haraji. Idan kika karanta labarinsu da Turanci za ki ci karo da *foundation*, *grant* da *profit*, kuma duk dangin kalmomin da kika riga kika tsinta ne.

Abdulƙadir, Maraɗi:

Ina da ɗan ƙari a kan maganar Malam Sani, a matsayina na wanda ya fara karatu da Faransanci kafin Turanci. Kalma ɗaya kan ɗauki ma'anoni masu nisa da juna, kuma hira ɗaya fuska ɗaya kawai za ta nuna miki. *Scoop* a wajen mai askirim ita ce cokalin ɗiba ko dunƙulen da aka ɗebo, amma a wajen 'yan jarida tana nufin labarin da wata kafa ta riga kowa samu. *Treat* a hirarki tana iya nufin ɗan abin daɗi da aka saya wa yaro, alhali a asibiti tana nufin yi wa mara lafiya magani. Saboda haka, duk kalmar da ta burge ki a hira, ki buɗe ƙamus ki duba sauran ma'anoninta kafin ki rufe littafin.

Rabi'atu Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Binta, yanzu na gane cewa matar da ake magana a kanta ma'aikaciyar ƙungiyar agaji ce. Malam, na fara rubuta jimlolin tun daren jiya, kuma ga ta farko da na haɗa da kaina domin a gyara mini idan akwai kuskure: "Our school sold ice cream and the proceeds went to an orphanage."