Shawarwari Kan Tallata Ƙagaggun Labarai Da Waƙoƙin Hausa

A wata tattaunawa kan yadda za a tallata ƙagaggun labarai da waƙoƙin Hausa, mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa rubutacciyar waƙa ba ta kaiwa ga jama'a sai an rera ta, don haka suka ba da shawarar a riƙa naɗar muryar mawallafi ana watsawa ta rediyo da WhatsApp, domin kunne ya riga ido sanin karin waƙa. Game da ƙagaggun labarai kuwa, an nemi masu sharhi su daina yabo tsagwaronsa, su riƙa nuna inda zubi ko daidaitacciyar Hausa ta yi rauni, wanda a ganina shi ne mafi wuyar aiwatarwa. Wasu sun ƙarfafa wa mata gwiwar shiga gasar Hikayata ta rubuta gajerun labarai, wadda BBC Hausa ta fara a 2016.