Dole ne fim ya bi abin da ke cikin komik?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Gardama ce ta sarƙe tsakanina da ƙanena jiya da daddare, har sai da Umma ta leƙo ta ce mu rage murya, shi ne na ce bari in kawo ta nan.

Muna sake kallon Avengers: Infinity War ne, na 2018. Ni na karanta komik ɗin, wato littafin labari mai zane-zane, da aka ɗebo labarin daga ciki, The Infinity Gauntlet, wanda Jim Starlin ya rubuta a 1991. A littafin, ba tausayin duniya ne ya dami Thanos, mugun labarin, ba. Mutuwa yake so, wadda aka zana a siffar mace, kuma don ya burge ta ya shafe rabin halitta, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Saurayi ne kawai da aka ja wa aji har ya haukace. A fim sai ga shi an mayar da shi mai lissafin abinci da yawan jama'a. Na ce sun ɓata mutumin. Ƙanena ya ce shi bai san wani littafi ba, kuma bai ji an cuce shi ba.

To mu da muka ƙona data muka karanta, ba mu da haƙƙi a kan masu fim? Ai makaranta ne suka riƙe labaran nan tun kafin su zama kuɗi.

Baban Walid:
Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri ƙanena, yaron ya fi ka gaskiya. Fim ɗin nan ya tara sama da dala biliyan 2. Kana jin masu karanta komik ne suka haɗa wannan kuɗin? A layinmu mutum nawa ne suka san Thanos? Kusan kowane yaro, wasu ma a fassarar Hausa suka gan shi. Mutum nawa ne suka taɓa buɗe littafin? Kai kaɗai na sani, kai ma yau na ji. Sannan ka tuna shi ne fim na 19 a jerin finafinan Marvel, ba a taɓa nuna matar nan ba ko sau ɗaya. A shigo da ita rana tsaka a ce saboda ita za a kashe rabin duniya? Dariya za a yi a gidan kallo.

Maman Haidar:
Ni tambayata ita ce, waɗanne masoyan za a faranta wa? Ku ɗauki M'Baku na Black Panther. A komik, tun fitowarsa a 1969, laƙabinsa Man-Ape, wato mutum-biri, yana yawo cikin fatar farin goggon biri. Baƙar fata, ɗan Afirka, a kira shi biri. Da aka zo fim a 2018 sai aka jefar da sunan, aka bar shi shugaban ƙabilar Jabari mai ji da kansa, Winston Duke ya hau rawar ya zauna daram. Da an ce sai an bi littafi sau da ƙafa, ni da ke zaune da 'ya'yana muna kallo me zan ce musu? Yawancin labaran nan Turawan Amurka ne suka zana su shekara hamsin da wani abu da suka wuce, da idon zamaninsu. Ba duk abin da kaka ya bari ake sawa a ɗakin amarya ba.

Sarkin Yaƙi 07:
Hajiya, a kan M'Baku ban ja da ke ba. Amma Baban Walid, kana magana kamar jin ta bakin makaranta asara ce. Deadpool fa? A komik abin da aka san shi da shi surutu ne, bakinsa ba ya hutawa, har mai karatu yake juyowa ya yi wa magana. A X-Men Origins: Wolverine na 2009 sai suka ɗinke masa baki. Baki fa! Kamar a ɗauko maroƙi a ce ya yi bebe. Mutane suka yi ta tsine wa fim ɗin. Da aka sake shi a 2016 yadda yake a littafi, da jar rigarsa da rashin kunyarsa, an kashe kusan dala miliyan 58 an samu sama da miliyan 780.

Ni riga ba ta dame ni ba. Wolverine a littafi gajere ne, Hugh Jackman da ya fito a matsayinsa kuwa dogo, kuma baƙar rigar fata aka sa masa a fim ɗin X-Men na 2000, sai a 2024 ya sa ruwan ɗorawar da aka san shi da ita. Mun haƙura duk tsawon shekarun nan saboda halin mutumin na nan, zafin ransa na nan. Hali ne idan aka taɓa nake tashi.

Ɗan Fagge:
To ai Sarkin Yaƙi ka faɗi nawa. Halin Thanos aka canza. Kuma Baban Walid, su suka fara yi mana alkawari: a ƙarshen Avengers na 2012, da hadimin Thanos ya ce yaƙi da mutane tamkar zawarcin mutuwa ne, juyowa ya yi ya murmusa. Duk wanda ya karanta littafin ya san abin da murmushin ke nufi. Shekara shida muna jira.

Baban Walid:
Wannan kam ban lura ba, na ba ka. Amma ku ba a iya muku. Zack Snyder ya yi Watchmen a 2009, wurare da yawa kamar ya ɗora kyamara a kan shafin littafin. Ƙarshen ya sauya, ya cire dodon nan mai tarin hannaye ya ɗora laifin ɓarnar a kan Doctor Manhattan, ɗaya daga cikin jaruman, har yau ana faɗa a kai. Shi kansa Alan Moore da ya rubuta labarin cewa ya yi kar a sa sunansa. Ka tura wa ƙanen naka littafin ya karanta, in ya gama ka dawo ka gaya mana wane Thanos ya zaɓa.

Ɗan Fagge:
Na tura masa tun ɗazu. Wai shafi nawa ne, kuma babu na Hausa?