Kuɗin wuta na neman cinye min hayar gida a Agege

Baban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi gida mai ɗaki takwas da shago a gaba a nan Agege, da kuɗin gonar gadonmu da muka sayar bayan rigimar da ta kai mu har gaban dagaci, yayana har gobe gori yake min a kai. Mita ɗaya ce a gidan, mai kati. Da na zuba 'yan haya na ce musu wuta tana cikin kuɗin haya, don a zauna lafiya. To layinmu Band A ne, wato rukunin da ya fi samun wuta kuma ya fi tsada, kuma tun Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai yunit ɗaya naira 225 nake ɗanɗana kuɗata. Ragin da aka yi daga baya bai taka kara ya karya ba. Ga soket ɗin wani ɗaki ya narke. Ya zan yi?

Alhaji Mile 12: Wa alaikumus salam. Wa ya aike ka? Ba a haɗa wuta da haya a Ikko. Wanda ba ya biya ba ya kashe fanka. Ka nema wa kowane ɗaki mitarsa ta tsarin MAP, wanda mutum ke biya a saka masa mitar kamfanin wuta, kowa ya sayi katinsa, magana ta ƙare.

Injiniya: Maigida, bar maganar kuɗi tukuna, soket ba ya narkewa haka kawai. Wataƙila siririyar waya ta ƙwan fitila aka ja masa, alhali mai kauri ta 2.5mm² ya kamata a ja, sannan ana jona hita da dutsen guga. Gobara ce ke maka sallama. Kuma raba mita sai an raba wayarin, kowane ɗaki da layinsa. Ƙananan mitocin dubawa, masu nuna abin da kowane ɗaki ya sha daga babbar mita, sun fi araha.

Maman Khalifa: Ƙananan mitocin nan ai su ne cuta! Mai gidanmu shi ke karantawa, shi ke yanka farashi, kuɗin injin jan ruwa ma a kanmu yake, ruwan kuma sai an ga dama. Ku masu gidaje ku ji tsoron Allah.

Alhaji Mile 12: Kun ji ko? Injiniya aikin kansa yake nema. Mitar kamfani kawai. Shagon nan me ake yi a ciki?

Baban Sadiq: Ƙanin matata ne, ƙanƙara yake sayarwa, firiza biyu ce kacal. Ba na jin shi ne, na fi zargin masu hita. Kuma Alhaji, alkawari na yi wa mutane, sun biya hayar shekara.

Alhaji Mile 12: Firiza biyu dare da rana kana zargin hita? Haba Malam!

Baban Sadiq: Yaron maraya ne, ba zan ce ya biya ba. Injiniya, soket ɗin kaɗai nawa za ka canja min?

Injiniya: Ba soket ne matsalar ba, maigida.