Tanti na yoyo ta bakin ɗinki, shafin ciki kuma ya yi danƙo

Assalamu alaikum masana. Tanti ne na mutum 4, yadin foliyesta, mai rufi biyu. An naɗe shi da danshi ya yi wata 3 a jaka, yanzu shafin roba na cikin rufin sama ya yi danƙo yana wari, tef ɗin bakin ɗinki kuma yana ɓarewa. Ba gumin numfashi ba ne, domin ruwan ta layin ɗinki kaɗai yake ɗiga, ko da an ɗaure igiyoyi tamau rufin biyu ba sa taɓa juna. An wanke da ruwan ɗumi, an shanya a inuwa, an shafa man toshe yoyo na silikon, amma bai kama ba. Sai an kankare tsohon shafin duka ne? Da me, ba tare da yadin ya lalace ba?