Awa 7 a Schiphol, filin jirgin saman Amsterdam: mu leƙa Zaanse Schans ko mu zauna?

Maman Hanif: Salamu alaikum. Za mu yada zango a Holan ni da Hajiyarmu, muna da bizar Schengen ta shiga Turai, amma gwiwa na damunta. Zaanse Schans, ƙauyen injinan iskar nan, zai yiwu mana?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Zai yiwu. Ku hau jirgin ƙasa zuwa Zaandam, ku sauya zuwa tashar Zaandijk Zaanse Schans, sai tafiyar ƙafa ta minti 15, ku haye gadar kogin Zaan. Tsakanin 1961 da 1974 aka kwaso tsofaffin gidajen katako da injinan daga sassan yankin aka jera su a nan. A da kuwa injina wajen 600 ke aiki a yankin.

Injiniya Bala: De Zoeker za ku shiga, injin matsar mai. Manyan duwatsu 2 ke birgima suna murƙushe gyaɗa, a ɗumama garin, a zuba a jakunkuna, gungume ya riƙa faɗowa kan turaku har mai ya tsattsafo. De Kat launin fenti yake niƙawa. Amma ran da babu iska, komai tsaye yake.

Ɗan Zinder: Ashe dai ƙuli-ƙuli Turawa ke yi, iska na taya su!

Hajiya Turai: Injiniya, ba ka ji batun gwiwa ba? Matakalan ciki tamkar tsani suke. Hajiya ta tsaya a ƙasa, yawo kyauta ne, injin kawai ake biya wa.

Malam Sabo: Hajiya Turai, a 2025 hukumar Zaanstad, wadda ƙauyen ke ƙarƙashinta, ta sanar da shirin karɓar Yuro 17.50 a ƙofa. Baƙi miliyan 2.6 a 2024, mazauna kusan 100. Har tagogin mutane ake leƙawa.

Hajiya Turai: Sanarwa daban, karɓa daban, Malam.

Alhaji Kumasi: Ni ƙamshin kokon da ke tarbar mutum daga tasha ne ke ci min rai. Kokon Gana da Kwaddibuwa da Najeriya ne, ɗanye yake sauka a tashar ruwan Amsterdam, a sarrafa shi a bakin Zaan. Manomin da ya shanya shi bai taɓa ɗanɗana cakulan ba.

Injiniya Bala: Alhaji, laifin har da namu. Ina wutar da za ta juya masana'antar?

Maman Hanif: To jama'a, akwai bas daga tashar zuwa ƙauyen?