Hilux ta ƙara shan gazuwal (man dizal) da shigowar hunturu: sanyin ne, ko akwai abin da ya lalace?

Mai Hilux, Garwa:

Salamu alaikum, malamai. Hilux ce mai gida biyu, kat-kat (mai ja da taya huɗu), injin 2KD na lita 2.5, ƙirar 2012. Daga damina har ƙarshen Oktoba lita 9 take sha a kilomita 100. Tun tsakiyar Disamba ta koma lita 11 da rabi. Aikinta bai sauya ba: zirga-zirgar cikin gari wajen kilomita 20 a rana, sai Marwa sau biyu a wata. Ana ɗumama ta minti 15 kowace safiya kafin a fita, kuma allurar zafi ba ta kaiwa tsakiya sai rana ta take. A farashin sefa 828 da aka sanya wa lita a Fabrairun 2024, ƙarin nan ya haura sefa 2,000 a kowane kilomita 100. Wasu sun ce gazuwal ne ke daskarewa, wasu sun ce nozul ne, masu fesa mai a cikin injin. Kafin a kwance mata wani abu ina so in ji ta bakin masana.

Bakanike, Marwa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka bari a taɓa nozul tukuna. Amsarka tana cikin tambayarka, a inda ka ce allura ba ta hawa. Injin da ke da lafiya, ko da asubahin Janairu ne, tafiyar minti goma zuwa sha biyar ta isa ta kai allura wurin zamanta, ta tsaya cak. In ba ta kai ba, ɗayan biyu ne: ko tamostat ta maƙale a buɗe, ko kuma babu ita gaba ɗaya. Na biyun ya fi yawa a garejinmu na nan, domin da zarar mota ta yi zafi a watan Afrilu, abin da ake fara yi shi ne a zare tamostat a jefar, a ce ta Turawa ce masu ƙanƙara. Da bazara ba ka ganin illar, rana na rufa asiri. Hunturu ke tona shi.

Aikin tamostat shi ne ta tare ruwa, kada ya zagaya cikin lagireto sai ya kai wajen digiri 80. Lambar tana buge a jikinta. In babu ita, ruwa na ta zagayawa tun daga tayarwa, iskar safe na busa lagireto, injin ya yi ta tafiya a digiri 50 ko 60. A wannan zafin baƙin mai bai saki ba, ƙarfe na jan ƙarfe da nauyi, gazuwal ba ya ƙonewa sarai, kwamfutar motar kuma tana ganin injin sanyi ne, sai ta ɗaga silo, wato juyin injin a tsaye, ta ƙara mai.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Da safe, injin a sanyi, ka tayar, ka riƙa taɓa tiyon lagireto na ƙasa, ka kiyayi fanka da bel. Ya kamata ya zauna da sanyinsa na tsawon mintoci, sai can ya ɗauki zafi. In ka ji yana ɗumama sannu-sannu tun daga farko, ruwa na wucewa lokacin da bai kamata ba.

Sai fanka. Ta wannan injin tana da kuloci mai man silikon a ciki, wanda ke kama ta sosai in zafi ya tashi, ya sassauta in babu. Da yawa an ɗaure su da ƙusa ko an yi musu walda, wai don sanyi. Injin a kashe, ka juya ta da hannu: ta juya da ɗan nauyi, kada ta ƙi motsi. In ka tayar ta yi gurnani na ɗan lokaci ta lafa, lafiya. In gurnanin na bin totur duk tsawon hanya, an ɗaure ta, tana cin ƙarfin injin a banza tana kuma ƙara masa sanyi.

Ɗumamawar minti 15 ɗin ma ka yi mata lissafi. Injin irin wannan yana ƙona tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya a awa yana tsaye. Mu ce 0.8. Rubu'in awa ya zama lita 0.2. Kilomita 20 a lita 9 cikin 100 ya kama lita 1.8. Ka haɗa, lita 2 ke nan, wato 10 cikin 100. Lita ɗaya daga cikin biyu da rabin da kake nema tana ƙonewa a ƙofar gida, taya bai juya ba. Ga shi injin gazuwal ba ya ɗaukar zafin kirki a silo, sai da aiki. Ka jira fitilar hita (masu ɗumama cikin injin kafin tayarwa) ta mutu, ka tayar, minti ɗaya ya isa mai ya zagaya, ka fita a hankali ba tare da taka totur ba har allura ta fara motsi.

Mai Awo, Ngaundare:

Malam Bakanike ya faɗi gaskiya, amma ina da tambaya ga Alhaji: lita 11 da rabin nan, daga allon mota ka karanta ko aunawa ka yi? Allo na kuskure. Awon gaskiya shi ne cika zuwa cika. Ka cika tanki har famfo ya katse da kansa, kada ka ce a ƙara, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili. In za ka sake sha, famfo ɗaya, mota a tsaye wuri ɗaya, ka sake cikawa. Litar da ta shiga sau 100, a raba da kilomita. Lita 55 a kilomita 500 ita ce 11. Ka yi haka sau uku, kuma ka raba tankin cikin gari da na hanyar Marwa, domin cuta biyu ce daban. In an sauya girman taya ma lissafi ya karkace: daga 265/65R17 zuwa 265/70R17 taya ta ƙaru da kusan kashi 3 da rabi cikin ɗari, ma'auni zai riƙa rubuta kilomita ƙasa da wadda aka yi, sai a ga kamar shan mai ya ƙaru.

Game da sanyin kansa, a auna shi da mudun da ya dace. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce motar fetur a cikin gari tana rasa kusan kashi 15 cikin ɗari na nisan da take yi da lita idan sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifili, in aka kwatanta da digiri 25, kuma a gajeriyar tafiya ta kilomita 5 zuwa 6 asarar na iya kaiwa kashi 24. To wannan ƙasar ƙanƙara ke nan. Mu nan Ngaundare, da muke sama da mita 1,000 a kan tudu, sanyin asuba kan sauko wajen digiri 10 zuwa 12 ne, Garwa kuwa ba ta kai mu ba. Ƙarin Alhaji ya kusa kashi 28 cikin ɗari. Sanyin Garwa shi kaɗai ba zai yi wannan ba. Balle ma da hunturu ana kashe na'urar sanyaya mota, wanda ya kamata ya rage sha, ba ya ƙara ba.

Iskar taya ita ce abin da sanyi ke taɓawa kai tsaye. Duk saukar digiri 10 tana rage kusan bar 0.1 na matsin iskar. Tayar da aka yi wa iska da tsakar rana bayan tafiya, tana da zafi, in aka auna ta da asuba sai a tarar ta sauka da bar 0.3 ko fiye. A duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, a auna da safe kafin a motsa, da ma'aunin kanka, domin na masu faci da yawa sun sha faɗuwa ƙasa. Kuma kada a rage wa taya iska tana da zafi. Amma in faɗi gaskiya, wannan kashi ɗaya ne cikin ɗari ko makamancin haka, sai in an sassauta taya don yashi aka manta ba a mayar ba.

Direban Kusuri:

Yallaɓai Mai Awo, lissafinka ya yi, sai dai ka bar iska a baya. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, kuma hanyar Garwa zuwa Marwa har Kusuri arewa ta nufa. Mai tafiya kilomita 100 a awa, iska na tunkarar sa da 20, motarsa na ture iskar 120 ne. Turjiyar iska kuwa ba daidai da gudu take hawa ba, ninkawa take: daga 100 zuwa 120 ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Ga iskar safe ta fi ta rana nauyi, tsakanin digiri 15 da 35 bambancin ya kusa kashi 7. Ka ɗora buhuna sun wuce tsayin kan mota, tamfol na kaɗawa, to ka ɗaga tanti ne kana ja. Saukowa daga 110 zuwa 90 a wannan hanya ta fi duk wani magani da ake zubawa a tanki. A dawowa iskar na tura ka, amma ba ta biyan duk abin da ta ci. Masu hawa daga Garwa zuwa Ngaundare kuma kada su ɗora wa sanyi laifin dutse, hawan kusan mita 900 ne, kullum da kuɗinsa.

Sai ƙura, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa. A tsofaffin injuna masu famfon mai marar kwamfuta, irin 5L ko 1HZ na Land Cruiser, filtar iska ta toshe famfo bai sani ba, mai ɗaya yake turawa, sai baƙin hayaƙi da asara. A 2KD kwamfuta na rage mai in iska ta ragu, don haka abin da za ka fara ji mutuwar ƙarfi ne, kai kuma ka ƙara taka totur. A buɗe filta duk mako a wannan lokaci. Kada a buga ta a jikin taya, takardar na tsagewa. A hura daga ciki zuwa waje da iska mara ƙarfi, a haska fitila a ciki a nemi huda, sannan a shafa yatsa a bututun da ke bayan filta. In yatsa ya fito da ƙura, an makara, a sauya filta a duba robar murfin.

Wani abu ƙarami: in motar mai makullin cibiyar tayar gaba ce, a tabbata yana kan FREE, giyar kuma tana H2.

Tsohon Direba, Njamena:

Ɗana, maganar daskarewa ka ajiye ta. Gazuwal yana fara fitar da kakinsa ne in sanyi ya doshi sifili, ya yi gizo-gizo ya toshe filta. Wannan matsalar masu kwana a duwatsun Tibesti ce, wajen Bardai, inda dare kan sauka ƙasa da sifili. Kuma alamarta ba shan mai ba ce, mota ce ke ƙin tashi ko ta mutu bayan ta tashi.

Abin da zan tambaya shi ne inda ake shan man. Na jarka a bakin hanya, irin wuraren da ake sayar da zuwa-zuwa, wato man fasa-ƙwauri, ana samun mai gaurayen kananzir. Kananzir bai kai gazuwal ƙarfi a lita ba, kuma ba shi da santsin da famfo ke buƙata, alhali matsin wannan injin ya haura bar 1,300. Ruwa ma haka. Tankin da ke kwana rabi, rana zafi dare sanyi, yana yin gumi a ciki. A ƙasan filtar mai akwai ɗan famfon tsiyaye ruwa: a sassauta shi, a danna famfon hannu na sama har gazuwal tsantsa ya fito, a tara a kwalba a gani. Baƙin mai kuma, in SAE 40 mai lamba ɗaya aka zuba ko 20W-50, da safe kamar zuma yake. A koma 15W-40 na gazuwal ko abin da littafin motar ya ce. In tana wahalar tashi da farin hayaƙi, a auna hita huɗun, kowace wajen om ɗaya take nunawa a ma'aunin lantarki, wadda ba ta nuna komai ba ta ƙone.

Mai Hilux, Garwa:

Na gode, Baba, na gode malamai. An buɗe gidan tamostat, babu komai a ciki. Fanka lafiya. Bakaniken garejinmu ya ce in aka mayar da tamostat motar za ta yi zafi a Maris.

Bakanike, Marwa:

Ba za ta yi ba, in sauran kayan na da lafiya. Tamostat ba ta sa zafi, in ta buɗe ta buɗe ke nan. Abin da ya sa aka cire ta tun farko shi za a nema: lagireto da ya toshe da gishirin ruwan rijiya, murfin da ba ya riƙe matsi, ko ƙura da ƙaiƙayi tsakanin lagireto da na'urar sanyaya mota. Irin wannan tamostat ma tana da faifai a gindinta da ke rufe gajeriyar hanyar ruwa in ta buɗe, don ruwan duka ya bi ta lagireto. Babu ita, wani ruwan na zagaye injin bai huce ba.

Kafin a ɗaura sabuwar, a jefa ta a tukunyar ruwa a kan wuta, a ga ta fara buɗewa kafin ruwan ya tafasa, ta rufe in ya huce. A sa sabuwar roba, ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai lilo da ke gefenta ya kalli sama don iska ta fita. A zuba ruwan sanyaya injin na gaske, ba na rijiya ba, a bar murfi a buɗe injin na silo har kumfa ya daina fitowa, a cika, a rufe. Washegari da safe a sake duba ruwan, zai ɗan sauka. Daga nan ka fara awon Mai Awo, tanki uku.